Kwalba Ta Bakwai

4 ga Maris

Zuwa ga taubashiyata Mai Madubi,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidan naki mai haƙuri, don duk wanda ya iya zama da ke shekara goma ya cancanci lambar yabo. Mu nan lafiya lau, sai ƙafar Inna da ke taɓa ta in an yi ruwa. Tana gaishe ki. Ta ce tun da kakarki da kakana suka rasu kin manta hanyar gidan nan, sai ka ce ba ciki ɗaya suka fito ba.

Ba zumunci ne ya sa na ɗauki biro ba, kin san halina. Kwakwar manjarmu ce ke mutuwa. Ganyen ƙasa ke fara yin ja, ya bushe, abin ya yi ta hawa sama. 'Ya'yan su zube tun ba su nuna ba, in ka tona gindi ka tarar saiwa ta ruɓe tana wari. Itacen da na rena shekara takwas, cikin wata biyu sai ya zama na wuta. Ni na rasa talatin da ɗaya. Ƙanena Auta ya rasa rabin gonarsa, kuma kin san shi, zuciyarsa a kusa take.

Mutane sun fara nuna wa Mai Dashe yatsa. Ba ki san shi ba, bayan tafiyarki ya zo. Yana da rumfunan reno a bakin rafi, kusan kowa a wurinsa ya samo 'yan itatuwan da ya dasa. Baƙo ne, mara yawan magana, ba shi da kowa a nan sai matarsa. Abin da ya fi ba mutane haushi shi ne nasa itatuwan kore shar suke. Ana cewa ya ba mu masu cuta ya ajiye masu lafiya. Ni ban ce e ba, ban ce a'a ba. A taron ƙungiyar manoma na ce musu ina da 'yar'uwa da ke leƙa jinin itace a madubin ganin ƙwayoyin cuta, su dakata mu ji ta bakinta. Kada ki ba ni kunya.

Naki,
Dogo

15 ga Maris

Dogo, ɗan'uwa rabin jiki,

Wasiƙarka ta same ni lafiya. Maigidan yana amsawa, ya ce lambar yabon a ajiye wa wadda za ta iya zama da kai ko da shekara ɗaya ce, in an same ta. A yi wa Inna sannu da ƙafa, ta rage tsayuwa.

Abin da ka kwatanta ina jin na san shi, ko da yake gani ya kori ji. Akwai wata ƙwayar cuta 'yar mitsitsiya mai wutsiya, dangin wadda ke sa wa shanu sammore. Tana shiga jijiyoyin da itace ke raba abinci da su, ta toshe. Galibi wani ƙwaro mai wari ne ke ɗaukar ta daga wannan itace zuwa wancan, yana ɓuya a gindin ganye inda ido ba ya kaiwa. Saboda haka kafin a tuhumi mutum, a tuhumi ƙwaro.

Wahalar ita ce, a madubi duk kamarsu ɗaya, alhali gida-gida ne. Wasu na kisa, wasu na zaune cikin ciyawa ba ruwansu da kowa. Sai an sa su a na'urar da ke karanta gadon halittarsu ake gane 'yar wane gida ce. Aikina ke nan daga safe har la'asar, a ɗaki mai sanyi kamar cikin randa, ni da firji uku da abokiyar aiki ɗaya da ba ta dariya.

Na ba direban motar kaya akwati ya kawo maka. Kwalabe tara ne a ciki, kowacce da lambarta da ruwanta, da sabbin reza tara. Shida ka sa musu saiwar itatuwa marasa lafiya daga gonaki daban-daban, uku kuma daga rumfar Mai Dashe, da izininsa. Kowace kwalba da rezarta, in ka yanka ka jefar. Na san ka da gajen haƙuri, shi ya sa na ja layi a ƙarƙashin wannan.

Taka,
Mai Madubi

27 ga Maris

Mai Madubi,

Gaisuwa. Muna lafiya, amma an ƙara itace tara a kan na da.

Ga kwalabenki nan. Ta ɗaya zuwa ta uku gonata ce, ta huɗu da ta biyar ta Shugaban ƙungiya, ta shida ta Auta. Daga gonar Auta na gangara rafi kai tsaye na cika sauran ukun. Mai Dashe bai yi gardama ba. Shi ma da kansa ya zaɓo ledojin da 'yan itatuwan ke ciki, ya riƙe mini kwalaben, ya ce ya fi kowa son a duba.

Ki yi sauri. Shekaranjiya a kasuwa Auta ya shaƙe masa wuyan riga, da ƙyar aka raba. Ko me kika gani ki faɗa mini, ko rabi ne, don in san abin da zan riƙe mutane da shi.

Dogo

12 ga Afrilu

Dogo,

Ina fata kuna lafiya. Ni mura ce ta kwantar da ni kwana biyu, sanyin ɗakin nan ne, na warware.

Ka ce ko rabi ne in faɗa, to ga rabin, kuma don kai ne. Ta ɗaya zuwa ta shida cike suke da ƙwayar nan, a madubi har ninƙaya suke yi. Na'ura kuma ta nuna ba gida ɗaya ba ne, gida uku ne. Na gonarka daban, na Shugaba daban, na Auta daban. Wannan kaɗai ya isa ya sa mai hankali ya yi shakkar cewa daga rumfa ɗaya cutar ta fito.

Sai dai akwai abin da ya ɗaure mini kai. A kwalba ta bakwai na'ura ta kama ɓurɓushi, kuma gidansa ɗaya da na ta shida, ta Auta. Ta takwas da ta tara ma akwai alama.

Yanzu ka buɗe kunne. Wannan ba sakamako ba ne. A madubi ban ga ko ƙwaya ɗaya ba a cikin ukun nan, na'urar kuwa ko ƙurar abu ta ji sai ta yi ihu. Dole in sake gwadawa, kuma ruwan gwajin ya ƙare mana, ina nema. Kada ka gaya wa kowa, ko Inna, balle Auta. Ka ce musu ana kan aiki. Kafin nan ku ɓare gindin ganyen itatuwan da suka fara ja, ku duba ko za ku ga ƙwaron da na faɗa maka.

Taka,
Mai Madubi

20 ga Afrilu

Mai Madubi,

Muna lafiya, mu dai. Ƙafar Inna da sauƙi. Ban san ta inda zan fara ba.

Direba bai iya bakinsa ba. Kafin wasiƙarki ta shigo hannuna kowa ya ji ta zo. Ranar Asabar da hantsi aka kira taro a ɗakin ajiyar taki, mutum fiye da arba'in zaune a kan buhuna, Shugaba ya ce in tashi in karanta. Na karanta har inda kika ce ta bakwai da ta Auta gidansu ɗaya. Ban samu na ƙarasa ba. Auta ya miƙe ya ce, "To me kuma ake jira? Ga likita ta faɗa."

Muka gangara rafi. Kowa da addarsa, don daga gona aka fito. Mai Dashe yana durƙushe yana cika ledoji da ƙasa. Da ya gan mu ya miƙe yana goge hannu a riga, ya ce, "Sannunku da zuwa. Sakamakon ne ya fito?"

Da dashen aka fara. Layi-layi suke, sun fi dubu uku, aka bi su da sara da tattakawa. Aka fasa tankin ruwa, aka cinna wa rumfunan wuta. Yana bin mutane ɗaya bayan ɗaya yana cewa, "Ku bar mini ko layi ɗaya ne, don Allah ko layi ɗaya." Wani ya maka masa ƙotar fartanya a baki, haƙora suka zubo. Ya faɗi, ya tashi, ya rungume wani faranti na 'yan tsiro a ƙirji. A nan Auta ya kai sara. Ya ce farantin ya nufa. Mai Dashe ya tare da hannun dama.

Jinin har kan wandona. Hannun yana reto, 'yar fata ce kawai ta riƙe shi. Duk da haka ba su bar shi ba, suka yi ta shurin sa a ciki da haƙarƙari yana birgima cikin taɓon ruwan tankin. Matarsa ta fito a guje da itace a hannu, ni na riƙe ta don kada su haɗa da ita. Ta cije ni a dantse, har yanzu shaidar na nan. Da ta ɗago ta ga ni ne, sai ta daina kokawa, ta ce, "Har da kai? Kai da ka sha ruwa a gidan nan?" Sai da Shugaba ya shiga tsakani yana cewa za ku kashe shi, sannan aka ja da baya. Direba ne ya kai shi asibiti a bayan mota.

'Yan sanda sun zo da la'asar, kowa ya ce yana gona lokacin. An aika wa matar cewa zuwa ƙarshen watan gobe su kwashe nasu ya nasu su bar garin, in ba haka ba gidan ma zai bi rumfunan.

Ban ji daɗin abin da ya faru ba, Allah ya sani. Amma ke ma kin gani da na'urarki, cutar tana cikin dashensa, kuma kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Ki rubuto ki tabbatar mini haka ne, don abinci ya daina shiga mini.

Dogo

24 ga Afrilu

Dogo sarkin gaggawa,

Ina gaisuwa. Shiru na ji ka, na ce ko ka yi aure ne ba a gayyace mu ba.

Na ari ruwan gwaji a ɗakin da ke kusa da namu, na sake sau biyu. Ka ga abin da ya fito. Ɓurɓushin ta bakwai kaɗan ne, na ta takwas bai kai rabinsa ba, na ta tara da ƙyar aka gan shi. Cuta ba ta bin lambar kwalba tana raguwa, Dogo. Abin da ke yin haka shi ne ƙarfen da ya taɓa mara lafiya sannan ya bi masu lafiya, kowane yanka yana rage abin da ya ɗebo. Saiwar dashen kuwa fara tas take, ba ruɓa ko ɗigo. Ka ce daga gonar Auta ka wuce rafi kai tsaye. To ka faɗa mini gaskiya, ba zan yi maka tsiya ba sai kaɗan: da me ka yanka?

26 ga wata

Ban kai ga rufe ambulan ba wasiƙarka ta iso. Na karanta ta a tsaye.

Kana so in tabbatar maka? Ba zan tabbatar ba. Mutumin nan dashensa lafiya suke. Kun sare wa mai gaskiya hannu, kuma da sunana kuka yi. Na ce kada ka gaya wa kowa, ka tashi gaban mutum arba'in masu adduna ka karanta. Ka ce ba ka samu ka ƙarasa ba. Layi nawa ya rage, Dogo? Bakinka aka toshe, ko hannunka aka ɗaure?

Ni ma ban wanke kaina ba. A aikinmu ba a fitar da rabin magana, na sani, na karya ƙa'ida don kai ɗan'uwana ne. Na gaya wa shugabar ɗakinmu abin da na yi, duk hukuncin da ta yanke na karɓa. Amma takarda mai hatimi da za ta wanke shi ba za ta fita ba sai an san yadda aka yi ɓurɓushin ya shiga kwalbarsa, kuma kai kaɗai ka sani. Ka amsa mini tambayata.

Mai Madubi

16 ga Mayu

Dogo,

Ina fata Inna lafiya. Kai ban tambayi lafiyarka ba.

Mako uku ke nan. Direba ya rantse ya damƙa maka wasiƙata hannu da hannu. Ya kuma ce matar Mai Dashe ta fara ɗaure kaya, kuma an jefi tagarta da duwatsu sau biyu. Saura mako biyu wa'adin da kuka ba ta. In ba za ka yi magana ba, zan zo da kaina in tsaya a ɗakin takin nan in faɗi abin da nake zato, sai su yi mini abin da suka yi masa, kai kuma ka riƙe ni kamar yadda ka riƙe ta.

Mai Madubi

29 ga Mayu

'Yar'uwata,

Ki yi haƙuri da rubutun, ido ɗaya nake gani da shi. Inna lafiya. Kada ki zo.

Da addata na yanka. Rezar farko ta karye a saiwar farko, saiwar kwakwa ba gemu ba ce. Na ce wannan aikin 'yan ofis ne, na zaro addar da ba ta rabuwa da ni, na yi ta yanka daga ta ɗaya har ta tara. Tsakanin itace da itace ina goge ta a wando, yadda kowane manomi ke yi, a ganina na tsabtace ta ke nan. Sauran rezar na ba mai aski. Akwai kuma abin da ban gaya wa kowa ba. Da na zo yanka ta bakwai, Mai Dashe ya dubi addar ya ce, "Ba za a ɗan gasa bakinta a wuta ba? Ni haka nake wa wuƙata." Na yi dariya na ce ai ba kaciya za mu yi ba.

A taron ma ƙarya na yi miki. Na ga layukan da suka rage, idona na kansu. Amma ɗaki ya yi tsit, manya da yara kowa ni yake kallo, abin da ban taɓa samu ba tunda nake. Sai na ninke takardar na sa a aljihu.

Ranar Alhamis na roƙi Shugaba ya tara mutane. Na karanta wasiƙunki biyu daga farko har ƙarshe, na faɗi maganar addar. Na tambaye su, tunda aka ƙone rumfunan itace nawa ya ƙara mutuwa? Sun sani, ya fi sittin. Na juye musu gwangwani cike da ƙwaron da na tsinto a gindin ganyen gonar Auta, ɗakin ya gauraye da wari.

Auta ya ce, "Wato ni ne mai laifi ke nan?" Na ce, "Ni da kai." Benci ya ɗauka. Dukan farko ya same ni a ido, na biyu a haƙarƙari, sai sauran suka rufe ni, ana munafuki, ana ɗan'uwan baƙo. Wani ya taka mini wuya da takalmin gona har na daina jin hayaniyar. Da na farfaɗo, Shugaba na zaune a kan buhu da wasiƙarki a hannu, ya karanta da kansa. Ya ce an janye wa'adin, duk wanda ya sake jifan gidan nan da shi yake yi. Ki aiko da takarda mai hatimin, a manna ta a ƙofar ɗakin.

Shekaranjiya na je asibiti, ɗaki ɗaya aka ɗaure mini ƙirji da inda Mai Dashe yake kwance. An yanke hannun daga wuyan hannu. Matarsa ta gan ni ta tashi ta fita. Na durƙusa a gefen gadon na gaya masa komai, na roƙe shi gafara. Maganarsa ba ta fita sosai saboda bakin, sai da na matsa kusa.

Ya ce, "Dashen lafiya suke?"

Na ce, "Lafiya suke."

Ya ce, "Na sani." Sannan ya ce, "Gafara ka nema wurin Allah, ba ta hannuna yanzu. Na gaya wa 'yan sanda waɗanda suka yi, sun ce kowa ya rantse yana gona, ba ni da shaida. Kai kana wurin."

Daga asibiti ban biya gida ba. Na zauna gaban ɗan sanda na ba shi suna goma sha ɗaya, duk wanda na ga hannunsa a jikin mutumin ko a wutar. Nawa ne na farko, na Auta shi ne na biyu. An ce gobe da safe mu kai kanmu, ko a zo a ɗauke mu.

Inna ta ji. Tun jiya ba ta zage ni ba, ba ta kuma sa mini albarka ba. Ɗazu na fito na tarar ta haɗa mana kaya da ƙafarta mai ciwon, jaka biyu, ta jera su a bakin ƙofa.

Dogo